Nasiha Ga Masu Gida A Kan Gyaran Famfo Da Magudanar Ruwa

Hausawa suna yi wa ruwa kirari da abokin aiki, kuma sun yi gaskiya, domin da shi ake tsarki da girki, da shi ake wanke allo da tufa. Amma abokin nan yana da sharaɗi. In an bi da shi ta hanyarsa ya yi wa mutum hidima, in kuwa an sakar masa sai ya ci gindin bango, ya cinye kuɗin aljihu, wani lokaci ma ya ɗauko cuta daga kwata ya kawo ta har cikin randa. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi bayani a kan matsalolin famfo da magudana waɗanda suka fi addabar gidajenmu, da abin da maigida zai iya gyarawa da hannunsa, da abin da lalle sai ya kira masu sana'a.

Mutanen Kano sun fara shan ruwan famfo a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. A farkon shekarun 1930 aka gama aikin jawo ruwa daga kogin Challawa, ana tura shi da inji zuwa babban tanki a bisa Goron Dutse, daga can ya gangaro cikin birni. Bayan haka aka gina madatsar Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama ta a 1974. To, amma jama'a sun ninka sun sake ninkawa, unguwanni sun bazu, har ya zamana yau gida guda yana iya dogara ga hanya uku: famfon gari ran da ya zo, da rijiya ko burtsatse, da 'yan garuwa masu kura. Wanda ke sayen ruwa da kuɗinsa, ko yake ƙona mai don ya ɗaga shi zuwa tanki, shi ya fi kowa bukatar sanin abin da ke tafe.

Fasali na farko: yadda ruwa ke tafiya

Asalin ilmin famfo duka kalma biyu ne. Ruwa yana da nauyi, kuma kullum gangare yake nema. Ba ya hawa sama da inda ya taso sai an tura shi da inji. Ƙarfin da yake fitowa da shi a bakin famfo ya danganta ga tazarar da ke tsakanin ruwan tanki da bakin famfon, ba ga girman tankin ba. Tankin da ke mita 6 bisa kan famfo yana turo ruwa da ƙarfi ninki biyu na wanda ke mita 3, ko da na ƙasan ya fi shi girma. Wanda ya fahimci wannan ba zai yi asarar kuɗi ya sayi ƙaton tanki don neman ƙarfin ruwa ba, sai ya ƙara wa wanda yake da shi tsawo.

Amma a kiyaye da nauyi. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Tanki mai cin lita 1,000 in ya cika daidai yake da buhun siminti 20, mai cin 2,000 kuwa buhu 40. Ɗan kasuwa ya san ba zai jibge buhun siminti 40 a kan soron ƙasa ko a kan siraran ƙarafa masu tsatsa ba. To, haka nan tanki. A yi masa kafa mai ƙarfi da shimfiɗaɗɗen mazauni, a riƙa duba wurin walda bayan kowace damina, kada kuma a sa shi bisa inda yara ke kwana ko karatu.

Sa'an nan kowane gida ya kamata ya sami makullin ruwa, ɗaya a inda bututu ya shigo daga waje, ɗaya a gindin tanki, in da hali kuma ɗaya a ƙofar kowane makewayi. A nuna wa uwargida da manyan yara inda suke, domin bututu ba ya jiran maigida ya dawo daga kasuwa kafin ya fashe. A riƙa rufe makullin ana buɗewa ko sau ɗaya a wata, don kada ya cije ran da ake bukatarsa.

Fasali na biyu: famfo mai ɗiga

Wannan ita ce matsalar da ta fi yawa, ita ce kuma aka fi rainawa. To, mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Yini da kwana daƙiƙa ƙanana, watau sakan, 86,400 ne. In famfo na ɗiga sau ɗaya kowane sakan, kuma ɗigo kamar 4,000 ke cika lita, to a kwana guda an zubar da fiye da lita 21, kusan jarka guda ke nan. A wata ya haura jarka 25. Malamai sun san an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu yana wanka da sa'i, mudun nan kuwa bai cika lita guda ba. Ke nan famfo ɗaya mai ɗiga yana zubar da alwalar mutum fiye da 20 kowace rana. Da yayyafi kogi kan cika.

Famfon da ake murɗawa sau da yawa kafin ya rufe yana da wata 'yar roba zagayayya a cikinsa, masu gyara suna ce mata washa. In an murɗa, sai ta sauka ta danne bakin ramin da ruwa ke fitowa. Yau da gobe takan cinye ko ta tsage, balle in ruwan na ɗauke da yashi kamar yadda na wasu burtsatse yake. Gyaranta kuwa ga shi. A rufe makulli, a buɗe famfon har ruwan da ya rage ya tsiyaye. A kwance ɗan noti ko sukurun da ya riƙe mariƙin, a cire mariƙin. Sa'an nan a sa sifana a babban notin wuyan famfon a juya ta hagu, ɗaya hannun kuwa yana riƙe da jikin famfon gam, don kada bututun da ke cikin bango ya murɗe a koma neman babban gyara. In an zaro sandar, za a ga washar a ƙarshenta. A tafi da ita kasuwa a sayo irinta, domin akwai ta rabin inci akwai ta inci uku bisa huɗu. Kafin a mayar, a sa yatsa a shafa mazaunin da take dannewa. In akwai yashi a wanke, in kuwa ya yi zarara ko ya ɓare, sabuwar washa ba za ta daɗe ba, sai a sake famfon ɗungum.

In daga wuyan famfon ruwa ke tsattsafowa sa'ad da aka buɗe, akwai ƙaramin noti a ƙarƙashin mariƙi, a ɗan ƙara ɗaure shi. In kuwa daga inda famfon ya haɗu da bututu ne, a kwance shi, a share tsohon abin da ke jikin zaren, a naɗa farin tef ɗin nan na masu famfo kamar zagaye goma, ta hannun dama yadda ake ɗaura famfon, don kada ya warware wajen ɗauri. Famfunan zamani da ake rufewa da juyi kaɗan ba su da irin wannan washa, in sun fara ɗiga sai a sake cikinsu gaba ɗaya ko a sake famfon.

A kuma hori yara da almajirai su bar murɗe famfo da iyakar ƙarfinsu. Matsi mai yawa shi ne ke kashe washa tun kwananta bai ƙare ba.

Fasali na uku: ruwa ya yi rauni ko ya ƙi zuwa

A fara da tambaya: famfo ɗaya ne ya yi rauni, ko duk gidan? In ɗaya ne, laifin yana kusa. Yawancin famfunan kwanon wanke hannu suna da 'yar rariya a baki, wadda yashi ke toshewa. A kwance ta a wanke. Kan shawa kuma in ramukansa sun toshe da farin dutsen da ruwa ke bari, a jiƙa shi kwana guda cikin ruwan lemun tsami ko ruwan khal, a tsokane ramukan da allura.

In duk gidan ne, kuma bututun na ƙarfe ne tun na zamanin iyaye, to tsatsa ce ta cika cikinsa har hanya ta ƙuntata. Alamarta ita ce jan ruwa da sassafe. Wannan ba shi da magani sai sauya bututu.

Akwai kuma wani abin da kan ruɗa mutane. Tanki ya ƙare ƙaf, an sake cika shi, amma famfo sai tari yake yi yana furzar da ruwa kaɗan kaɗan, ko ya yi shiru. Iska ce ta shiga bututun ta maƙale a wani wuri mai tudu, ruwan kuwa ba shi da ƙarfin ture ta. A buɗe famfunan gidan duka, a bar su na ɗan lokaci. In ba ta fita ba, a haɗa tiyo daga wani famfo mai ƙarfi zuwa bakin wanda ya ƙi, a buɗe su biyun, ruwan zai kora iskar ta koma ta tanki. Rigakafinsa shi ne kada a bar tanki ya ƙafe. Haka nan injin jan ruwa, ko na bakin rijiya ko wanda ke nutse a ciki da ake ce wa sumo, in ya yi ta aiki ba ruwa sai ya ƙone, don ruwan ne ke sanyaya shi. Duk wanda zai taɓa inji ko tukunyar ɗuma ruwan wanka, ya kashe wutar lantarki tukuna.

Fasali na huɗu: tanki mai ambaliya da masai mai tsiyaya

Cikin tankin da famfon gari ke cikawa, da ɗan tankin da ke bayan masai na zama, akwai ƙwallon roba a ƙarshen wata sanda. Ruwa na hawa ƙwallon na hawa, har sandar ta danne bakin shigar ruwa. In aka ga ambaliya, ɗayan uku ne: ko ƙwallon ya huje ya sha ruwa ya nutse, ko robar bakin ta cinye, ko sandar ta yi sama da yawa. Na farko da na biyu sai sauyi, kuɗinsu kuwa kaɗan ne. Na uku a sassauta sukurun saiti, ko a ɗan tanƙwara sandar ƙasa in ta ƙarfe ce. Masu burtsatse kuma akwai irin wannan ƙwallo na lantarki wanda ke kashe inji da kansa in tanki ya cika. Ya fi a bar ruwa na kwarara daga sama har sai maƙwabci ya buga ƙofa.

Yoyon tankin masai ya fi na famfo ɓarna nesa ba kusa ba, don yana iya kai ɗaruruwan lita a kwana, ga shi kuma a ɓoye yake, ruwan na silalewa ta cikin kwanon ba ƙara. Gwajinsa mai sauƙi ne. A zuba 'yar bula ta wanki cikin tankin, kada a ja ruwa har rabin sa'a. In shuɗi ya bayyana cikin kwanon, robar gindin tankin ta mutu, a sauya ta.

Babban tanki kuwa a rufe shi ruf, don ƙura da ƙadangare da sauro. Wanda haske ke ratsawa yakan yi gansakuka, shi ya sa mai duhun jiki ya fi. A wanke shi aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara.

Fasali na biyar: fasasshen bututu, da bututun da ya bi ta kwata

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma yoyon ƙarƙashin ƙasa sai da lura. Alamunsa su ne danshi a gindin bango cikin rani, da fenti mai kumbura, da farin gishiri a jikin siminti, da ciyawa ɗanya a wuri guda alhali ko'ina ya bushe. Mai shakka ya cika tanki da dare, ya yi alama a iyakar ruwan, ya hana kowa taɓa famfo. In da asuba ruwan ya sauka, akwai inda yake zuwa. Ga masu ginin ƙasa wannan ba abin jinkiri ba ne, gama tubalin da ya sha ruwa duk rani shi ne ke zubewa da ruwan Agusta, wani lokaci a kan mutanen gidan, wani lokaci a kan maƙwabta.

Bututun roba, wanda ake ce wa PVC, gyaransa ba wuya. A rufe ruwa, a yanke wurin da ya fashe da zarto, yanka miƙaƙƙe. A kankare bakin, a goge shi ya bushe sarai, domin gam ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. A shafa gam a bayan bututun da cikin soket, a tura da sauri a ɗan juya, a riƙe kaɗan. Kada a saki ruwa nan take, a bi lokacin da aka rubuta a jikin gwangwanin. In dare ya yi ba kayan gyara, a yanko robar cikin tayar keke a naɗe wurin tamau, amma a sani wannan na kwana ɗaya ne ko biyu. Masu ƙona bakin bututu da wuta su cusa wani cikin wani don gudun sayen soket, araha suke nema, araha kuwa ba ta ado, nan ne zai fara yoyo. A sani kuma rana tana busar da wannan bututu har ya riƙa karyewa kamar kara, saboda haka a binne shi ko a shafa masa fenti. Ba a kuma bi da ruwan zafi ta cikinsa, akwai wani iri dabam na wannan aiki, wanda ake haɗawa da injin zafi.

Yanzu ga magana mafi nauyi a wannan fasali. Duk mai yawo a lungunan birni ya ga ƙananan bututu kwance cikin kwata, wasu an ɗaure su da leda. Mai gidan yakan ce ai ruwan fita yake yi ta wurin fashewar, ƙazanta ba za ta shiga ba. Wannan gaskiya ne muddin akwai ruwa mai ƙarfi a ciki. Amma ran da aka ɗauke ruwa, abin da ya rage cikin babban bututu sai ya gangara unguwannin da ke kwari, ya bar wofi a bayansa, wofin nan kuwa zuƙa yake yi kamar yadda ƙahon wanzami ke zuƙar jini. Sai ruwan kwata ya shige ta tsagar nan. Sa'ad da aka sako ruwa, shi ne zai fara isa randar mai gidan da ta maƙwabtansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu ɗaura inji kai tsaye a bututun gari don su rinjayi maƙwabta wajen jan ruwa, su ma ƙara wannan zuƙa suke yi. Gyaran shi ne a ɗaga bututun ya ƙetare kwata ta sama, a zura shi cikin wani bututu mafi girma, kada kuma mahaɗi ya faɗo daidai kan kwatar. Ruwan da ya fara zuwa bayan yankewa a bar shi ya zuba har ya washe, a yi yayyafin tsakar gida da shi.

Fasali na shida: toshewar magudana da wari

Magudana ba ta toshewa sai da abin da aka zuba mata. A wurin wanke-wanke, man ja da kitse ne ke daskarewa a jikin bututu, sa'an nan ɓarɓashin tuwo da shinkafa da ganyen shayi su manne a kai. A wurin wanka, gashi ne da guntun sabulu. A masai kuwa, ledar ruwa da tsumma da audugar mata da ƙunzugun jarirai na zamani. Akwai kuma wanda ya shafe mu musamman: wanda ya saba da shadda ta rami yana tsarki da dutse ko hoge ko totuwa ya jefa ciki, in ya yi haka a masai na ruwa ya toshe shi nan take. Masu makarantu da masu saukar baƙi daga ƙauye su yi wa mutanensu wannan bayani, su ajiye buta da kwandon shara mai murfi.

In ta toshe, a fara da abu mai sauƙi. A zuba ruwan zafi da garin sabulu don kitse ya narke. In bai yi ba, a sa robar nan mai sanda da ake dannawa a bakin rami, a tabbata ruwa ya rufe bakinta, a yi ta dannawa ana saki. A ƙarƙashin kwanon wanke hannu akwai wata gwiwa da ake kwancewa da hannu, a tara bokiti a kwance ta a wanke. In abin ya yi nisa, a buɗe murfin ɗan akwatin siminti da ke waje a zura doguwar waya ko sandunan masu gyara. Game da soda mai ƙuna da ruwan batir da wasu ke zubawa, a yi hattara ƙwarai. Suna ƙona fata, suna makantar da ido, yaron da ya sha su kuwa maƙogwaronsa ya lalace. Kada a kuskura a gauraya bilic da wani maganin wanke masai, domin hayaƙin da ke tashi guba ne.

Gwiwar nan da muka ambata ba don ado aka yi ta ba. Kullum tana riƙe da ɗan ruwa, ruwan nan shi ne ƙofar da ke tare wari da kyankyasai daga rami. Shi ya sa falken da ya rufe ɗakinsa ya yi wata biyu a hanya, ko alhajin da ya dawo daga Makka, kan tarar da makewayi na wari ko da ba a shiga ba: ruwan gwiwar ne ya ƙafe. Buta guda ta ishe shi magani. In kuwa masai na yawan toshewa ba dalili, a binciki shimfiɗar bututun. Na masai inci 4 ne, kuma ƙa'idar magina ita ce ya gangara kamar inci 1 a kowane inci 40. A kuma fitar da bututun shan iska ya wuce rufin ɗaki, a ɗaure bakinsa da raga saboda ƙuda.

Fasali na bakwai: ramin masai da rijiya

Kada mahaluki ya shiga ramin masai ko sokawe, ko don waya ta faɗa, ko don akuya. Iskar da ke ciki takan sumar da mutum kafin ya yi kira, kuma sau da yawa akan rasa rai biyu ko uku a rami guda, domin kowa ya ga ɗan'uwansa ya faɗi sai ya bi shi. In tsautsayi ya auku a kira 'yan kwana-kwana. Kada kuma a leƙa ramin da ashana ko fitilar wuta ko taba a baki, gama iskar tana kamawa. A kira motar kwasa tun ramin bai cika ba, a duba murfinsa kada ya rufta da mutane.

Sa'an nan tsakanin rami da rijiya. Masana kiwon lafiya suna horo da a bar kamar mita 30, rijiya ta kasance ta wajen tudu, gindin ramin kuma kada ya kusanci ruwan ƙasa. A shekarar 1854 annobar kwalara ta faɗa wa unguwar Soho a birnin Landan, mutum fiye da 600 suka mutu. Wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen mamatan yana ƙirga, ya tarar yawancinsu daga famfon rijiya guda suke sha, a titin Broad. Ya sa hukuma ta cire mariƙin famfon. Da aka tona daga baya sai aka ga wani tsohon ramin masai na yoyo kusa da rijiyar, tsakaninsu bai cika mita 1 ba, kuma a cikinsa aka zuba ruwan wankin tsumman wata jaririya mara lafiya. Mutanen unguwar kuwa suna yabon ruwan nan da daɗi. Mu ma a nan Nijeriya, a shekarar 2021 an ƙidaya mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,000 suka rasu, jihohin Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. A cikin birni inda gidaje ke manne da juna, mita 30 takan yi wuya. To, sai maƙwabta su yi shawara kafin wani ya haƙa rami jikin bangon da rijiyar wani take, a ɗaure bakin rijiya da siminti a yi mata murfi, ruwanta kuma a gyara shi kafin sha.

Fasali na takwas: tsarkin ruwa da lafiyarsa

Littattafanmu na fiƙihu, tun daga Ishmawi har Risala, sun koya mana duba sifofi uku na ruwa: launi da ɗanɗano da ƙanshi. In najasa ta sauya ɗayansu, ruwan bai halatta ga ibada ko al'ada ba. In kuwa sauyin daga mazauninsa ne, kamar ƙasar da yake gudana a kai ko gansakukar da ta tsiro cikinsa, yana nan da tsarkinsa. Saboda haka ruwan famfon da ya zo da warin kwata, ba sha kaɗai ya hana ba, har alwala, kuma wanda ya bar bututunsa cikin kwata ya duba irin nauyin da ya ɗauka na sallar jama'a. Amma a lura da ɗaya gefen. Ƙwayoyin kwalara da na taifot ido ba ya ganinsu, hanci ba ya jin su, harshe ba ya ɗanɗanarsu. Ruwa na iya zama garau, alwala ta inganta da shi, alhali shansa na kwantar da yaro. Hukuncin tsarki dabam, hukuncin lafiya dabam, kiyaye rai kuwa wajibi ne. Ruwan da ake shakka a tafasa shi har ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a sa masa maganin kulorin gwargwadon yadda aka rubuta a jikinsa a jira rabin sa'a. Alif da 'ya'yan zogale suna kwantar da laka, amma kwantar da laka bai wadatar ba, sai an bi da tafasawa ko magani.

Kammalawa

Abin da ya shafi washa da rariya da ƙwallon tanki da gwiwa, maigida mai sifana da filaya da sukudireba da tef zai iya. Abin da ya shafi fasa bango, da haɗi da bututun gari, da lantarki, da rami, a bar wa masu shi. In an kira mai gyara a yi ciniki tun kafin ya fara, a bambanta kuɗin kaya da ladan aiki, a saki ruwa a gwada kafin a rufe da siminti, a kuma biya shi hakkinsa ba ja-in-ja. Mai haya da mai gida su rubuta tun ran shiga wanda gyaran famfo da kwasar rami ke wuyansa, don yawancin husumarsu daga nan take tashi. 'Yan'uwa masu sayar da kayan famfo kuma su bayyana wa mai saye bututu mai kauri da mai sirara, da tagulla ta gaske da wadda aka shafa wa ruwan tagulla, domin aibin da aka binne cikin bango ba ya ɓoyuwa har abada. Limamai da masu makarantun allo su wakilta mutum guda mai duba famfunan alwala kowace Juma'a, a ware masa ɗan abin sayen washa daga asusun masallaci, gama ruwan nan sadakar wani ce, amana ce a hannunmu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya kiyashe mu da iyalanmu daga annoba, ya sa mu dace. Haza wassalam.